Tsoro da Sunan Unguwa: Yadda Ake Auna Aminci a Birnin Kano

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Kano ya san tambayoyin da ake yi wa dillali kafin a zo maganar kuɗi. Akwai ruwa? Ana samun wuta? Sai ta uku, wadda akan sassauta murya kafin a yi ta: "Yaya unguwar take?" Mai tambayar ba kwata ko kwalta yake nufi ba. So yake ya ji ko iyalinsa za su iya dawowa daga gidan biki bayan isha'i, ko yaransa za su je makarantar dare su dawo lafiya, ko shi kansa zai amsa waya a bakin titi ba tare da ya waiga ba. Amsar dillali, da abin da abokai za su ƙara a majalisa, su ne ke yanke ko za a kama gidan. Su ne kuma ke sa gida biyu masu gini iri ɗaya su sha bamban a kuɗin haya.

Wannan amsa, ko "lafiya lau take" ko "kai, can ba wurin zama ba ne", ilimi ne na jama'a, kuma bai kamata mai nazari ya raina shi ba. Amma ya kamata a tambaya daga ina ake samo shi, kuma mene ne yake aunawa. Matsayar wannan maƙala ita ce tsoron da mazauna Kano ke ji ba yawan laifin da ake aikatawa a wuri yake bi ba. Abu biyu yake bi: sunan da unguwa ta yi a bakin mutane, da kuma ko mutum yana sa ran idan ya yi ihu wani zai fito. Na farkon yakan ɓatar da hukuma da jama'a, ya sa a zuba ƙarfi inda bai dace ba. Na biyun shi ne ainihin ciwon, kuma shi ne aka fi yi wa shiru.

Abin da alƙaluma suka iya faɗa

A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi gida-gida a kan laifuffukan da 'yan Najeriya suka gamu da su da yadda suke kallon tsaronsu. Ta ƙiyasta cewa daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024 an aikata wa magidanta laifi kusan sau miliyan 51.9, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce a gaba da fiye da miliyan 14. An yi ta musu a kan waɗannan alƙaluma, musamman naira tiriliyan 2.23 da rahoton ya ce an biya kuɗin fansa. Akwai adadi ɗaya da bai jawo hayaniya ba, alhali ya fi sauran amfani a nan: cikin gidajen da 'yan fashi suka shiga, kashi 36.3 cikin 100 ne kawai suka kai ƙara wurin 'yan sanda. Sauran, kusan biyu cikin kowane uku, sun bar wa Allah. Ke nan littafin caji ofis ba ya ɗauke da duk abin da ya faru, sai abin da mutane suka ga da amfani su kai.

Rahoton kuma maganar ƙasa da shiyyoyi yake yi. Mai neman gida a Gwale ko Ungogo ba zai tsinci komai a cikinsa game da layin da zai zauna ba. Abin da ke isa kunnensa daga hukuma shi ne holen masu laifi: an kama mutum kaza, an samu wuƙaƙe kaza da wayoyi kaza. Yawan kame kuwa ƙwazon 'yan sanda yake nunawa da inda suka sa gaba. Inda aka kai samame nan za a yi kame, inda aka yi kame nan suna zai ɓaci, inda suna ya ɓaci nan za a sake kai samame. Unguwar da motar sintiri ba ta shiga ba ta fitowa a labarai, ko da ana haura katanga a cikinta kowane dare.

Gurbin da alƙaluma suka bari, hira ce ke cike shi: teburin mai shayi, gidan suna, zauren WhatsApp na 'yan layi, da gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita a Kano tun bayan buɗe Freedom Radio a 2003. Bidiyo ɗaya na saurayi kwance cikin jini yakan zaga wayoyi ba rana ba wata a jikinsa, mutum ya gan shi yau daga ɗan'uwa, jibi daga abokin aiki, ya ɗauka abu biyu ne suka faru. Teresa Caldeira, a littafinta na 2000 a kan birnin Sao Paulo na Brazil, ta nuna cewa hirar laifi ba labari kawai take bayarwa ba, tana raba gari ne zuwa mutanen kirki da mutanen banza, kuma ita ce ke halatta doguwar katanga da zafin hannun 'yan sanda. Wanda ya saurari yadda ake hirar ƙwacen waya a Kano zai gane abin da take nufi.

Yadda unguwa ke yin suna

Raba Kano zuwa ciki da waje tsohon abu ne. Tarihin sarautar Kano ya ce a zamanin Sarki Gijimasu aka fara ganuwa, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Kowace ƙofa tana da sarkinta, ana rufewa da dare, baƙo kuma yana da mai masauki da za a tambaya idan ya yi ba daidai ba. Bayan 1903 Turawa suka ɗora nasu rabon a kan wannan: Nasarawa da Bompai nasu, Sabon Gari da aka yanka wajen 1913 na ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, Tudun Wada da Gwagwarwa na 'yan ci-rani da leburori, ga Fagge tsohon zangon fatake a tsakani. Kowane yanki ya samu halin da 'yan birni suka laƙaba masa, shi ma ya laƙaba musu nasa. Tarzomar 1953, da rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a 'Yan Awaki, da tarzomar 1991 da ta 2004, kowacce ta ƙara kaurin wannan bambanci. Har yau akwai mazaunin Sabon Gari da ba ya son dare ya yi masa a cikin birni, akwai kuma ɗan birni da ke ganin Sabon Gari da dare sayar da rai ne. Kowannensu yana tsoron wurin da ɗayan ke barci har da minshari.

Daga baya gari ya tumbatsa. Gonakin Kumbotso da Ungogo da gefen Gwale da Nasarawa suka koma filayen awon igiya, aka yi gini ba tare da an bar hanyar mota ko filin makaranta ba. Mutanen da suka cika waɗannan unguwanni sun haɗa da 'yan birni da gado ya yi wa kaɗan, da mutanen ƙauye masu neman abinci, da waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da na baya-bayan nan da 'yan bindiga suka taso daga Zamfara da Katsina. Mutum bai san kakan maƙwabcinsa ba, wani lokaci ko sunansa.

A kan wannan shimfiɗa daba ta zauna. Abdulkarim Umar Ɗan'asabe ya yi nazari a kanta a mujallar Kano Studies a 1991, Y. Z. Ya'u kuma ya yi nasa a littafin da Attahiru Jega ya tace a 2000. Abin da ake fahimta daga irin waɗannan ayyuka shi ne tushen daba yana cikin farauta da tauri, siyasar NEPU da NPC ta shekarun 1950 ta jawo ta cikin gari a matsayin 'yan banga, tsuke bakin aljihu na SAP daga 1986 da durƙushewar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma suka ba ta matasa marasa aikin yi. Muhimmin abu ga batunmu shi ne daba tana da unguwa. Da sunan unguwa ake kiran kowace ƙungiya, da sunan unguwa ake ƙulla gaba, da shi ake ɗaukar fansa. Saboda haka idan aka yi faɗa, labarin da ke fita shi ne "'yan unguwa kaza sun far wa 'yan unguwa kaza". Samari talatin ne suka fito da gariyo da barandami, amma sunan wurin da dubban magidanta ke zaune ne ya shiga rediyo. Ɗorayi, Kurna, Sheka, Rimin Kebe, Ƙofar Mata, Yakasai: waɗannan sunaye sun sha fitowa a labaran faɗan daba, kuma a cikin kowaccensu akwai malamai da alƙalai da 'yan kasuwa da mahaddata waɗanda ba su taɓa riƙe ko sanda ba. Su ne ma na farko da ke rufe shago idan faɗan ya tashi.

Ido ma ba shaida ba ne mai adalci. Robert Sampson da Stephen Raudenbush sun ɗauki hoton bidiyo na titunan Chicago a Amurka, suka ƙirga shara da rubutun bango da masu shaye-shaye a kan hanya, sannan suka tambayi mutane yadda suke ganin lalacewar unguwanninsu. Sakamakon da suka buga a 2004 ya nuna cewa yawan baƙaƙen fata da talakawa a unguwa ya fi abin da aka ƙirga ƙarfi wajen sa mutane su ce ta lalace, kuma har baƙaƙen fatar ma haka suke gani. A Kano launin fata ba ya cikin lissafi, amma talauci yana ciki, haka ma irin aski, da tufafi, da karin harshen ƙauye. Samari biyar a kan dakali a Nasarawa GRA "yaran gidan Alhaji" ne suna hira. Biyar irinsu a bakin lungu a Bachirawa, baƙo zai sa wayarsa a aljihu tun daga nesa.

Ba Kano kaɗai ba ce. A Damagaram, unguwar Kara-Kara ta samo asali ne daga wurin da aka keɓe kutare da waɗanda gari ya ƙi, kuma fim ɗin Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna yadda jikokinsu ke ɗauke da sunan unguwar duk inda suka je neman aiki. Kuɗin ɓacin suna iri ɗaya ne ko'ina. Mai adaidaita sahu ya ce ba ya shiga bayan magariba. Iyayen yarinya su ji unguwar saurayi su fasa bincike, sun riga sun yanke. Gidan da magidanci ya tara shekaru yana ginawa ya faɗi a kasuwa. Ranar samame a kwashe mai laifi da ɗalibi da mai sayar da rake a mota ɗaya, iyaye su kwana neman kuɗin beli, wanda doka ta ce kyauta ne. Yaron da aka kama sau biyu bai yi komai ba ya riga ya koyi cewa kirkinsa ba ya kare shi, kuma a ɗakin da aka tsare shi ya yi sababbin abokai.

Laifi lungu yake kamawa

Binciken da aka yi a birane da dama ya nuna laifin kan titi ba ya bazuwa a unguwa daidai wa daida. Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun duba kiran da aka yi wa 'yan sandan Minneapolis, suka buga a 1989 cewa kimanin kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin ne suka jawo rabin kiran. David Weisburd ya samu kusan haka a Seattle: ɗan ƙaramin kaso na layuka ne ke ɗauke da rabin laifin, shekara da shekaru. Mazaunin Kano ya san wannan ko bai karanta ba. Idan ka matsa masa da tambaya, ba zai ce maka duk unguwar ba ce. Zai ce kwanar nan da fitila ta mutu, kangon can da ake shaye-shaye, bakin kududdufi, gefen maƙabarta, ƙarƙashin gada, shimfiɗar titin da ke bin ganuwa wajen Ɗan'agundi inda babu shago babu gida. Zai kuma faɗa maka lokaci: bayan magariba, da asuba sa'ad da masu sammako ke fita, ranar taron siyasa, ranar kilisa. Wannan shi ne ilimin da ke da amfani, kuma shi ne ke ɓacewa idan aka dunƙule magana aka ce "unguwar 'yan daba".

Wani kason laifin ma ba shi da unguwa sam. Bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja, adaidaita sahu ta gaje hanya. Mafi yawan direbobinta masu neman halal ne, amma wasu ɓata-gari sun mai da ita wurin aiki: fasinja ya shiga ya tarar da mutum biyu a ciki, a yi nisa kaɗan a nuna masa wuƙa. A Yulin 2022 gwamnatin jiha ta hana adaidaita zirga-zirga daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe saboda dalilan tsaro. Wanda aka ɗauka a wata unguwa, aka ƙwace masa waya a ta biyu, aka jefar da shi a ta uku, wace ce za a ɗora wa laifi? A hira dai, wadda ta riga ta yi suna ce ke ɗauka.

Wa zai fito?

Kano ta ga abin da ya fi ƙwacen waya muni. Ranar 20 ga Janairun 2012 hare-haren Boko Haram sun kashe aƙalla mutum 185 a yini ɗaya, ranar 28 ga Nuwamban 2014 kuma aka kashe fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na cikin gari. Duk da haka, ba abin mamaki ba ne a ji mutum ya ce ƙwacen waya ya fi canza masa yadda yake tafiya a gari. Akwai dalilai masu ma'ana. Waya yau ita ce bankin mutum da shagonsa da littafin bashinsa. Masu ƙwacen kuma sau da yawa ba sa jiran gardama kafin su yi sara ko suka, don haka wanda ya fita da wayar dubu hamsin ransa ya sa a hanya. Amma dalilin da ya fi nauyi yana cikin jimlar da ke maimaituwa a bakin waɗanda abin ya shafa: "Mutane suna kallo, ba wanda ya zo."

A nan nazarin Sampson da Raudenbush da Felton Earls na 1997 ya dace da mu. Sun tambayi mutum 8,782 a yankuna 343 na Chicago tambayoyi masu sauƙi: idan faɗa ya ɓarke a ƙofar gidanka, maƙwabta za su raba? Idan yaro ya gudu daga makaranta yana yawo, wani zai yi magana? Sun samu cewa inda maƙwabta suka yarda da juna kuma suke shirye su sa baki, tashin hankali ya fi ƙaranci, ko da talaucin iri ɗaya ne. Tun 1961 Jane Jacobs ta riga ta ce abin da ke tsare titi shi ne idanun mazauna da masu shaguna da ke kallonsa. Bahaushe bai buƙaci a koya masa wannan ba, domin gininsa na gargajiya a kansa ya tsayu. Zaure yana fuskantar hanya, dattijo yana kan dakali daga la'asar zuwa isha'i, almajirai suna karatu a ƙofar gida, mai ƙosai da mai shayi suna raba dare. Baƙo ba ya ratsa lungu uku ba a ce masa "wa ake nema?" ba.

Abin lura shi ne gidan da tsoro ke ginawa yana rushe wannan tsari. Katanga mai tsawo, waya mai ƙaya a samanta, get na ƙarfe, mota ta shiga a rufe: mai gidan ya tsare cikin gidansa, ya bar layin ba mai kallo. A irin waɗannan unguwanni na masu hali za a iya tare mutum da rana tsaka tsakanin katangu biyu, ihunsa bai wuce kunnen maigadi ba, shi kuma an ce masa kada ya buɗe. Duk da haka su ne unguwannin da dillali zai ce "lafiya lau".

A unguwannin talakawa idanun suna nan, bakin ne ya mutu. Dalilin ba lalacewar tarbiyya kawai ba ne, kamar yadda ake yawan faɗa a wa'azi da rediyo. Lissafi ne mutane suka yi. Wanda ya ga an yi ƙwace ya san yaron, ya san gidansu, ya kuma san yaron ya san nasa gidan. Idan ya ba da shaida, me zai biyo baya? Abin da jama'a suka yi imani da shi, kuma suke faɗa a fili, shi ne za a kama yaro yau, jibi wani mai ƙafa a siyasa ya sa a sake shi, ya dawo unguwa yana tambayar wa ya kai sunansa. Da ɗan gari akan ci gari. Matuƙar 'yan siyasa na buƙatar waɗannan samari ranar kamfe da ranar zaɓe, magidanci mai 'ya'ya ba zai sa wuyansa ba, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi matsoraci. Dattawa sukan ce ɗan daban da ba ɓarawo ba ne, ba ya taɓa ɗan unguwarsu, yana jin kunyar manya. Ko da an rage abin da ƙaunar zamanin da ke ƙarawa a irin wannan magana, akwai gaskiya a ciki: wancan yana da wanda yake jin nauyi a cikin unguwa, na yau ubangidansa yana waje, ƙwaya kuma ta ɗauke sauran kunyar.

Mai unguwa, wanda a da shi ne ke sanin baƙon da ya sauka da gidan da aka sayar, yau nauyi ne a kansa ba iko. An haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare sarakuna daga gudanar da mulki, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Ana kiran mai unguwa taro a ce ya sa ido, alhali unguwar da kakansa ya riƙe da gida ɗari yanzu ta zama gari guda, kuma shi ma a cikinta yake kwana da iyalinsa.

Abin da tsoro ke rufewa

Masu nazarin tsoron laifi a Ingila da Amurka sun daɗe da lura cewa mata da tsofaffi sun fi bayyana tsoro, alhali samari ne aka fi sara da kashewa a kan titi. A Kano ma, gawar da ake ɗauka bayan faɗan daba galibi ta saurayi ce ɗan unguwar da ake zagi. Wato wanda gari ke tsoro shi ne kuma ya fi kowa shiga haɗari. Tsoron mata kuwa ba ruɗu ba ne, sai dai an karkatar da shi waje guda. Ana gargaɗin yarinya a kan baƙo da lungu mai duhu, a hana ta makarantar dare, amma cin zarafin yara da fyaɗe sau da yawa daga wanda aka sani yake zuwa, maƙwabci ko ɗan'uwa ko mai shagon layi, kuma shi ne ake rufewa don gudun abin kunya. Wata yarinya 'yar shekara 5 da aka sace a Kano a Disamban 2021 aka kashe, mai makarantar da take zuwa ne kotu ta samu da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Babu tambayar da iyaye za su yi wa dillali da za ta kare su daga wannan.

Inda tsoro ke kai mutane

Jama'ar da ta fid da rai daga hukuma takan koma ɗayan biyu: shiru ko wuce gona da iri. Mutanen da suka kasa fitowa ɗaya-ɗaya su ne ke fitowa ɗari idan aka yi ihun "ɓarawo", a yi duka, a cinna wa adaidaita wuta, kafin a tambayi abin da ya faru. 'Yan sintiri, waɗanda magidanta ke tara wa kuɗi gida-gida, sun hana sata a layuka da yawa, kuma ya kamata a yaba musu, amma su ma da zato suke aiki, zato kuwa kan baƙo da talaka yake sauka. Kanawa sun ɗanɗana ɗacin wannan daga ɗaya ɓangaren a Maris na 2025, lokacin da aka tare mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo aka kashe su bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Abin da aka yi musu shi ne a ga kama da harshe a yanke hukunci. Wanda ya yi tir da wannan bai kamata ya yi wa ɗan Rimin Kebe irinsa a Kano ba.

Hukumomi sun gwada hanyoyi. A Mayun 2023 majalisar tsaron jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. A shekarar kuma rundunar 'yan sanda a ƙarƙashin Kwamishina Muhammad Usaini Gumel ta yi wa 'yan daba tayin tuba, har aka ɗauki wasu tubabbu aikin 'yan sandan sa-kai, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙasa. A 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar kafa rundunar tsaron unguwanni. Ana iya samun alheri a kowanne, amma babu wanda za a iya cewa ya yi aiki ko bai yi ba, tunda ba a auna halin da ake ciki kafin a fara ba. Tsananta hukunci kuma ba ya amsa tambayar mai shaida, wadda ita ce ko yaron zai dawo jibi.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan ƙoƙari ne na wanke unguwannin da kowa ya san halinsu, kuma wanda aka soka wa wuƙa ba ya buƙatar darasi daga Chicago. Gaskiya ne wasu wurare sun fi wasu haɗari, kuma mai hankali zai kiyaye. Abin da ake jayayya a kai shi ne girman ma'aunin. Faɗin "kwanar kaza bayan magariba" yana tsare rai, yana kuma nuna wa hukuma inda za ta sa fitila da ɗan sanda. Faɗin "unguwa kaza" ba ya tsare kowa, sai dai ya tozarta dubbai, ya kuma sa mazaunan su ɗauki hukuma abokiyar gaba, su ƙara yin shiru.

Samun ƙaramin ma'aunin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A Cardiff ta Birtaniya, likita Jonathan Shepherd ya lura cewa yawancin waɗanda ake kawowa asibiti da rauni ba su kai ƙara ba, sai aka fara rubuta wuri da lokaci da makamin da aka yi amfani da shi, ba tare da sunan majiyyaci ba, ana miƙa wa 'yan sanda da hukumar gari, kuma raunukan suka ragu. Sashen ba da agajin gaggawa na Asibitin Murtala da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano za su iya yin haka da takarda ɗaya. A New York, gwajin da aka yi a 2016 na ƙara fitilu a rukunin gidajen talakawa ya rage manyan laifuffukan dare a waje da kimanin kashi 36 cikin 100, kuma fitila mai aiki da hasken rana ba baƙuwa ba ce a titunan Kano, lungu ne ba ta shiga ba. Jihar tana da mazaɓu 484, tana da hukumar ƙididdiga tata, Jami'ar Bayero kuma tana da malamai da ɗaliban nazarin zamantakewa da za su iya bin mazaɓun cikin birni gida-gida kowace shekara da tambaya uku: me ya same ka, a ina, kuma da ka yi ihu wa ya fito?

Kafin a kai ga haka akwai abin da ke hannun 'yan jarida da kakakin 'yan sanda tun yau: idan an yi ƙwace ko faɗa, a faɗi layi da lokaci, a daina jingina laifin ga unguwa sukutum. Majalisar dokokin jiha kuma ta nemi a riƙa buga, duk wata uku, yawan waɗanda aka kama da laifin daba da ƙwace, da nawa aka kai kotu, da nawa aka saka, da matsayin waɗanda suka tsaya musu.